Muhawara: "will" ko "would" idan ana maganar abin da bai faru ba tukuna

Sa'adatu:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Tambayata a kan kalmomin nan ne na Ingilishi masu taimaka wa aikatau, wato *will*, *would*, *can*, *could*, *may* da *might*, musamman idan ana magana a kan abin da zai zo nan gaba. An koya mana cewa *would* ita ce siffar shuɗaɗɗen lokaci ta *will*, kamar yadda *could* take ga *can*, *might* kuma ga *may*. To idan haka ne, me ya kawo *would* cikin jimlar da take magana a kan baɗi? Ga jimloli biyu: *If she applies next year, she will get the job*, da kuma *If she applied next year, she would get the job*. Dukansu suna ɗauke da *next year*, kuma dukansu an ce daidai ne. Ina so in san abin da mai magana yake dubawa kafin ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam, Malama Sa'adatu. Abin da aka koya maku gaskiya ne, sai dai rabin bayanin ne. Siffar shuɗaɗɗen lokaci a Ingilishi tana da aiki fiye da ɗaya: wani lokaci tana nisanta magana daga yanzu ta mayar da ita baya, wani lokaci kuma tana nisanta magana daga hakika, alhali lokacin da ake nufi yanzu ne ko gobe. A jimlarki ta biyu, *applied* da *would* aiki na biyun suke yi.

Wanda ya ce *If she applies, she will get the job* ya bar ƙofa a buɗe ne, yana ɗaukar neman aikin a matsayin abin da ke kan teburi, ko da bai san ko za ta nema ba. Wanda kuma ya ce *If she applied, she would get the job* yana ƙaddarawa ne kawai, kamar ya ce: mu ɗauka a ce ta nema, duk da ban ga alamar tana da niyyar hakan ba. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu na nahawun Ingilishi da Cambridge ta buga a 2002, sun kira na farko buɗaɗɗen sharaɗi, na biyu kuma sharaɗi mai nisa, kuma ni a ganina waɗannan sunaye sun fi amfani ga mai koyo nesa ba kusa ba a kan lambobin da littattafan makaranta suke ba su, na sharaɗi na ɗaya da na biyu, domin lamba ba ta gaya wa ɗalibi komai game da ma'ana.

Nasiru:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni yadda na riƙe abin ya fi wannan sauƙi, kuma bai taɓa kunyata ni a jarrabawa ba. Idan yiwuwar abu tana da yawa sai a sa *will*, idan kaɗan ce sai a sa *would*. Na ma ga littattafan da suke jera kalmomin kamar matakala, *will* a sama, sai *should*, sai *may*, sai *might* da *could* a ƙasa, kowace da kasonta cikin ɗari. Me zai hana a koyar da haka kawai a huta?

Malam Haruna:
Malam Nasiru, abin da zai hana shi ne masu harshen ba da sikeli suke magana ba. Kason da ka gani marubucin littafin ne ya sa shi domin sauƙaƙa wa ɗalibi, babu wanda ya auno shi daga bakin masu magana. Ka dubi ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya wanda kowa, har da shi kansa, ya san ba zai ci zaɓe ba. Idan ya hau mumbari cewa zai yi *If I win, I will build schools*, ba zai taɓa cewa *If I won, I would build schools* ba, domin jimla ta biyu tana nufin ya sallama tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A ɗaya gefen kuma, ma'aikacin da yake da kusan tabbacin shugabansa zai amince da buƙatarsa yana iya rubuta *It would help me a great deal if you gave me two more days*, saboda ba ya so ya nuna kamar ya riga ya yanke wa shugaban hukunci. Na farko yiwuwarsa kaɗan ce amma ya ce *will*, na biyu yiwuwarsa babba ce amma ya ce *would*. Abin da kowannensu ya zaɓa shi ne yadda yake so mai sauraro ya ɗauki maganar, kuma wannan ne amsar tambayar Malama Sa'adatu a taƙaice. Ƙa'idarka takan yi daidai a jarrabawa ne saboda masu tsara tambayoyi sukan zaɓi misalan da matsayin mai magana da girman yiwuwa suka zo ɗaya.

Malam Isiyaku:
Ina so in ƙara da abin da nake ganin shi ne asalin tuntuɓen mai jin Hausa a wannan babi. Bambancin da Malam Haruna ya yi bayani ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da "idan" ko "in", muna kuma da "da". Mukan ce, "Idan ta nema, za ta samu," mukan kuma ce, "Da za ta nema, da ta samu." Wanda ya karanci nahawun Larabci ma ya san an raba *in* da *iza* daga *lau* a kan kusan wannan asasi.

Inda matsalar take shi ne, harsunan biyu sun raba aikin ta hanyoyi mabambanta. A Hausa kalmar da take buɗe sharaɗin ce take ɗauke da bambancin, shi ya sa da zarar ka ji "da a ce" ka san inda aka dosa. A Ingilishi *if* ɗaya ce tilo a duka biyun, saboda haka nauyin ya koma kan siffar aikatau. Abin da ya ƙara dagula lamarin kuwa, bayan "idan" mu siffar abin da ya riga ya kammala muke kawowa ko da gobe muke nufi: "Idan ya zo gobe, zan gaya masa." Ɗalibi yana ganin "ya zo" sai hannunsa ya tafi ga *came*, ya rubuta *If he came tomorrow, I will tell him*, wato ya buɗe jimla da sharaɗi mai nisa ya rufe ta da jawabin buɗaɗɗen sharaɗi (jawabi shi ne ɓangaren jimlar da ke faɗin sakamakon sharaɗin). Daidai shi ne *If he comes tomorrow, I will tell him*. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara tambayar kansa da Hausa: "idan" nake nufi ko "da"? In "idan" ne, aikatau na lokacin yanzu bayan *if*, sai *will*, *can* ko *may* a jawabi. In "da" ne, siffar shuɗaɗɗen lokaci bayan *if*, sai *would*, *could* ko *might*.

Malama Binta:
Malam Isiyaku, na yarda da bayaninka a kan "ya zo" da *came* ɗari bisa ɗari, amma ina da ja a kan daidaita "da" da *would* kai tsaye. Aikina fassarar labarai ne, kuma a nan ne nake ganin ma'aunin naka yana gazawa. "Da" tamu ta fi ƙarfi. Idan Bahaushe ya ce "da ta nema, da ta samu", mai sauraro yakan fahimci cewa ba ta nema ba, magana ta ƙare. Amma *If she applied next year, she would get it* ba ta rufe ƙofa ba, sau da yawa ma shawara ce aka lulluɓe, ana so a zuga ta ta nema. Ko "da za ta nema" da ka kawo, wadda ta fi kusa, tana ɗauke da ɗan yanke ƙauna da babu shi dole a jimlar Ingilishin.

Ga inda abin yake da nauyi. Jaridun Ingilishi idan suna bayar da labarin ƙudurin dokar da ke gaban majalisa sukan rubuta *The bill would raise the retirement age*, babu *if* ko ɗaya a jimlar, amma sharaɗin yana ɓoye a cikin *would*: idan aka amince da shi. Ranar da aka rattaba hannu ƙudurin ya zama doka, jaridar nan dai za ta rubuta *The law will raise the retirement age*. Mai fassarar da bai lura ba sai ya mayar da duka biyun "zai ƙara" ko "za ta ƙara", mai karatu ya ɗauka an riga an zartar. Idan kuma ya bi ma'auninka ya rubuta "da ya ƙara", mai karatu zai ɗauka ƙudurin ya mutu. Abin da muke yi shi ne fito da ɓoyayyen sharaɗin fili mu ce, "Ƙudurin, idan aka amince da shi, zai ƙara shekarun ritaya." Ka ga nan *would* ta koma "idan", ba "da" ba.

Malam Isiyaku:
Wannan gyara ne mai kyau, Malama. To sai mu ce ma'aunin yana aiki ta fuska ɗaya: duk inda Bahaushe zai ce "da", Ingilishi ba zai karɓi *will* ba, amma ba duk *would* ce take komawa "da" ba.

Sa'adatu:
Na gode ƙwarai. Sauran abu biyu. Na farko, a labarai nakan ga irin *The minister said the road would open in June*. Wannan ma ƙaddarawa ce, wato ba a da tabbas za a buɗe hanyar? Na biyu, ina yawan ganin saƙonnin aiki da ake rubuta *I would be travelling tomorrow* ko *The meeting would hold on Monday*, kuma masu rubutawar mutane ne masu ilimi. Suna nuna ladabi ne, ko kuwa kuskure ne?

Malama Binta:
Ta farkon ba ƙaddarawa ba ce. Ministan da bakinsa *will open* ya ce, amma da yake mai ba da labari ya fara da *said*, sai *will* ta bi sahu ta zama *would*. A nan *would* aikinta na asali take yi, na nuna abin da yake gaba idan aka tsaya a wani lokaci da ya wuce. Da Hausa "ya ce za a buɗe" ya wadatar. Hanyar rarrabewa ita ce ki duba ko akwai *said*, *promised*, *thought* ko makamancinsu a kusa.

Malam Haruna:
Tambaya ta biyu na fi so in tsaya a kai, domin ita ce ta fi yaɗuwa. Masu nazarin harshe sun daɗe da lura da wannan amfani da *would* a madadin *will* a Ingilishin Afirka ta Yamma da na Indiya, kuma dalilinsa a fili yake: mutum ya ji *Would you help me?* ta fi *Will you help me?* taushi, ya ji *I would like* ta fi *I want* ladabi, sai ya ɗauka *would* wata *will* ce da ta sa babbar riga, wadda za a iya fitowa da ita duk lokacin da ake so a girmama mai karatu. Amma taushin da ke cikin *Would you help me?* daga nisantawar nan ya samo asali, mai roƙo yana gabatar da buƙatarsa kamar ƙaddarawa domin ya bar wa wanda ya roƙa hanyar ƙi ba tare da kunya ba. Wannan yana da ma'ana a roƙo, da tayi, da bayyana ra'ayi. A sanarwa ba shi da gurbi, saboda manufar sanarwa ita ce a san abin da aka tsayar. Idan Baturen Ingila ya karanta *I would be travelling tomorrow*, zai jira ragowar jimlar, yana sa ran jin *but my visa has not arrived*, domin abin da kunnensa ya ji shi ne "da gobe zan yi tafiya, amma". Tsakanin mutanen da suka saba da salon babu wanda zai ruɗe, kuma ba na cikin masu yi wa mutane dariya a kansa, amma a jarrabawa ko a wasiƙar da za ta tsallaka ƙasa, *will* ce daidai. Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne, duk lokacin da suka rubuta *would* game da gobe su nemi *if* ɗinta, a fili ko a ɓoye, ko su nemi *said* ɗinta. In babu ko ɗaya, kuma ba roƙo suke yi ba, su mayar da ita *will*.

Nasiru:
To na ji batun *will* da *would*, kodayake har yanzu ina ganin matakalata tana da amfani ga mai farawa. Amma *may*, *might* da *could* fa? A nan ai dole a yarda cewa *may* ta fi *might* ƙarfi. Kuma me ya sa aka soke mini *It can rain tomorrow* alhali *can* tana nuna yiwuwa?

Malam Haruna:
A nan kana da ɗan gaskiya. Wasu masu harshen suna jin *might* ta ɗan fi *may* rauni, wasu kuma ba sa jin wani bambanci, kuma a maganar yau da kullum *might* ce ta fi yawa, *may* ta fi zama a rubutu. *It may rain*, *it might rain* da *it could rain tomorrow* duka suna nufin mai yiwuwa ne a yi ruwa, kuma babu wanda zai ɗauki laima saboda ɗaya ya bar ta saboda ɗaya. Inda bambancin yake zama tilas shi ne cikin sharaɗi mai nisa: *If she applied, she might get it* ake cewa, *may* ba ta shiga nan.

Ita kuwa *can*, yiwuwar da take nunawa ta gaba ɗaya ce, ta abin da yakan faru, kamar *It can rain heavily in the mountains*, wato akan yi ruwa mai ƙarfi a can. Ba a amfani da ita wajen hasashen wani lamari guda na wata rana guda, shi ya sa aka soke maka. Amma *I can see you tomorrow* daidai ce, domin tana nufin ina da sarari. Idan kuma iyawar ba ta samu ba tukuna, sai nan gaba za a same ta, *will be able to* ake cewa: *By next year she will be able to drive*. A kula da korewa kuma, domin a nan kalmomin uku suke rabuwa. *He may not come* da *he might not come* suna nufin wataƙila ba zai zo ba, amma *he couldn't come* ba ta nufin haka ko kaɗan, tana nufin bai iya zuwa ba, ko ba zai yiwu ya zo ba.

Kabiru:
Malamai, ku ba ni dama in sa baki a kan *shall* da *should*, tunda su nake gani kullum a takardun yarjejeniya. Tsohuwar ƙa'idar nan da ta ce *shall* ga *I* da *we*, *will* ga sauran, ana danganta ta ga John Wallis, masanin lissafi ɗan Ingila, a nahawun da ya rubuta da Latin a 1653. Yau kusan babu mai bin ta a magana, sai a tambayar tayi irin *Shall I open the window?* A takardun shari'a kuwa *shall* wajabci take nufi, ba hasashe ba: *The tenant shall give notice* na nufin dole ne ɗan haya ya ba da sanarwa. Saboda yawan saɓanin da kalmar ta jawo, lokacin da aka sake fasalin lafazin ƙa'idojin shari'o'in da ba na laifi ba na kotunan tarayyar Amurka a 2007 an cire ta aka sa *must*, *may* ko *should* gwargwadon abin da ake nufi, sai dai an dawo da ita a ƙa'ida ta 56 a 2010.

Abin da ya shafi muhawararmu kai tsaye shi ne *Should the buyer fail to pay, the seller may cancel the contract*. Wannan *should* ba ta "ya kamata" ba ce. Tana nufin "in har ta kama", kuma duk da siffarta ta shuɗaɗɗen lokaci ce, jawabinta yakan zo da *will*, *may* ko umurni, kamar *Should you need help, call us*. Ita ce nake gani a tsakiyar gida biyun da Malam Haruna ya zana: abin ba a sa ran faruwarsa, amma an yi masa tanadi na gaske.

Malam Isiyaku:
Tarihin kalmomin yana warware wani ƙulli da ya rage. A tsohon Ingilishi *willan* (asalin *will*) "so" take nufi, *cunnan* (asalin *can*) "sani", *magan* (asalin *may*) "iyawa", *sceal* (asalin *shall*) kuma bashi ko wajibi. Ita *must* asalinta ma siffar shuɗaɗɗen lokaci ce ta wata kalma da ta ɓace, shi ya sa ba ta da 'yar uwar da za ta wakilce ta a sharaɗi mai nisa, sai a ce *If he resigned, we would have to find someone else*. Ma'anar "so" kuwa ba ta mutu a cikin *will* ba, kuma ita ce take ba ta izinin shiga bayan *if* a wasu wurare.

Nasiru:
A nan kam ba zan yarda ba, Malam. Ƙa'ida ce da kowa ya sani cewa *will* ba ta biyo bayan *if*. *If it will rain tomorrow, we will stay at home* kuskure ne a kowane littafi.

Malam Isiyaku:
Wannan jimlar taka kuskure ce, babu musu, domin ruwan sama ba shi da so ko ƙi, *If it rains* ake cewa. Amma ka duba *If you will wait here, I will call the doctor*, wato in ka yarda ka jira, da *If he won't listen, there is nothing we can do*, wato in ya ƙi sauraro. Haka nan rufin wasiƙar nan da aka saba, *I would be grateful if you would reply soon*, inda *would* ta biyu yarda take nema. Duka daidai ne a wurin masu harshen.

Malama Binta:
Akwai wuri na biyu ma, inda abin da ke bayan *if* shi ne sakamako ba sanadi ba. *If it helps you, I will do it again* na nufin sai na ga ya taimaka sannan in maimaita. *If it will help you, I will do it now* na nufin zan yi yanzu, muddin taimakon zai biyo baya. Hausa ma tana rarrabe su da "idan ya taimake ka" da "idan zai taimake ka", saboda haka a wannan gaɓar fassara kai tsaye ba ta cutar da kowa.

Sa'adatu:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. A sharaɗi mai nisa, *If I was* ne ko *If I were*? Kuma mene ne amfanin *were to*, kamar a *If the company were to close*?

Malam Haruna:
A rubutu na hukuma da jarrabawa ki riƙe *were* ga kowa, *I*, *he*, *she* da *it*, domin ragowar wata tsohuwar siffa ce ta ƙaddarawa da harshen ya kusa rasawa. A hira za ki ji *If I was* da yawa daga bakin masu harshen kansu, kuma ba a ɗaukarsa abin kunya, sai dai a *If I were you* wadda ta daskare a haka. Ita *were to* ta zancen gaba ce zalla, tana ƙara nisanta abin, shi ya sa ake son ta idan za a ambaci abin da ba a fatan aukuwarsa. Tana kuma kawar da shubuhar da ke cikin *If the company closed*, wadda a wani mahallin za a iya fahimtar ta a matsayin zancen baya. Jawabinta *would*, *could* ko *might* ne: *If the company were to close, many people would lose their jobs*. Idan ana so a ƙara wa jimlar nauyi sai a jefar da *if* a fara da aikatau, a ce *Were the company to close*, amma wannan salon rahoto ne da takardun hukuma, ba a cika jin sa a baki ba.